Tambaya da Amsa: Lungu Mara Ɓullewa ko Titi Mai Ɓullewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, mu bakwai ne muka gaji gonar mahaifinmu mai faɗin hekta 3 a bayan garin Damagaram ta wajen hanyar Mirriya, kuma yanzu gine-gine sun kewaye ta har noma ya gagara saboda dabbobi da yara. Mun yanke shawarar a yanka ta filaye, mu riƙe wasu mu sayar da saura. Babban wanmu ya dage cewa a yi lunguna marasa ɓullewa irin na Birni, tsohuwar unguwar cikin ganuwa inda muka tashi, domin a cewarsa nan ne yaro ke wasa a ƙofar gida ba tare da fargabar kabu-kabu ba, kuma baƙon ido ba ya shiga sai an san da shi. Mai awon filaye kuwa ya kawo mana zane mai tituna miƙaƙƙu da ke ɓullewa ta kowane ɓangare, ya ce da wuya hukuma ta amince da wanin wannan. Ga kuma ɗan wanmu da ya nuna mana hotunan unguwannin Amurka a waya, inda kowane titi ke ƙarewa da da'ira, yana cewa ai su ma Turawa lungu suke yi. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya sa albarka a cikin abin da ya bar muku. Kafin a ce wanne ya fi, ya kamata a raba abubuwa biyu da Yaya da ɗansa suka haɗa wuri guda, domin lungun Birni da lungun da aka gani a waya kama suka yi, amma asalinsu da dalilinsu daban ne.

Lungun Birni babu wanda ya zauna ya zana shi a takarda. Gida ne ya haifi gida a cikin ganuwar da Sarki Tanimun ya gina a tsakiyar ƙarni na 19, ɗa ya yi aure aka yanka masa gefe, aka bar masa 'yar hanyar da zai fita, dutse ya tare nan aka kauce masa, har hanya ta zama mai lanƙwasa, wata kuma ta tsaya cak a bakin wani zaure. Masu zaman irin wannan lungu galibi dangi ne ko bayin Allah da suka daɗe tare, kuma abin da ke bin hanyar bai wuce mutum da jaki da doki ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da bambanta hanya mai ɓullewa, wadda haƙƙin jama'a ce gaba ɗaya, da wadda ba ta ɓullewa, wadda suka ɗauka tamkar mallakar haɗin gwiwa ce ta mazaunanta, har da yawansu suka ce ba a huda sabuwar ƙofa a cikinta sai da yardar sauran. Wani magini na birnin Tunis mai suna Ibnur Rami ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce tun a ƙarni na 14. Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i 7, wato mita 3 da 'yan kai. Saboda haka ra'ayin Yaya yana da tushe mai zurfi, ba son zuciya ba ne. Tituna miƙaƙƙu da muke gani tsakanin Birni da unguwar Zango sun zo ne da mulkin Faransa, musamman a shekarun 1911 zuwa 1926 lokacin da Damagaram ke babban birnin ƙasa kafin a mayar da shi Yamai, kuma daga wannan tsari ne zanen da aka kawo muku ya samo asali.

Lungun Turawa na yau kuwa zamanin mota ne ya haife shi. A Ingila dokokin tsabta na ƙarni na 19 sun kusa kashe shi, saboda lungunan matalauta na wancan zamani sun zama matattarar ƙazanta da cuta, sai a 1906 majalisa ta yi doka ta musamman wadda ta ba masu zanen gine-gine Raymond Unwin da Barry Parker damar yin gajerun lunguna a unguwar Hampstead da ke bakin Landan. A 1929 aka buɗe garin Radburn, wanda Clarence Stein da Henry Wright suka zana, a jihar New Jersey ta Amurka, inda mota ke shiga lungu ta tsaya a bayan gida, mai tafiya a ƙasa kuma yana da tasa hanyar dabam wadda ke ratsa lambuna har makaranta. Da hukumar gidaje ta tarayyar Amurka, wadda aka kafa a 1934, ta fara fifita irin wannan zane wajen tsaya wa masu karɓar bashin gida, sai magina suka ɗauki lungun suka watsar da hanyar ƙafar, domin lungu yana rage musu tsawon kwalta da bututu, hanyar ƙafa kuwa fili take ci. Wannan rabin tsarin shi ne ɗan wanku ya gani a waya. Sunan da suke kiransa da shi ma, cul-de-sac, Faransanci ne mai ma'anar gindin buhu, kuma sunan ya dace, domin abin da ya shiga sai dai ya juyo ya fita ta baki.

Abin da Yaya ya faɗa game da yara da baƙon ido gaskiya ne, kuma an auna shi. A ƙarshen shekarun 1960 wani masanin tsara birane mai suna Donald Appleyard ya kwatanta tituna uku masu kama da juna a birnin San Francisco, ɗaya motoci kimanin 2,000 ke binsa a rana, ɗaya kuma kimanin 16,000, sai ya tarar mazaunin titin da ba cunkoso yana da aminai wajen uku a cikin maƙwabtansa, na ɗaya titin kuwa da ƙyar ya kai guda. Haka nan wani bincike da aka wallafa a 2010 a kan fasa gidaje a yankin Merseyside na Ingila ya nuna ɓarayi sun fi shiga gidajen da ke bakin hanya mai ɓullewa fiye da na cikin lungu. Mu nan ba ma buƙatar Bature ya gaya mana wannan, domin duk wanda ya taɓa shiga lungun da ba nasa ba da la'asar ya ji wani dattijo daga kan dakali ya ce masa "Samari, gidan wa ake nema?" ya san yadda tsaron lungu yake aiki.

To amma kwanciyar hankalin da mutanen lungu ke samu, wani ne ke biyan kuɗinta. Babur ɗin da bai bi ta ƙofarku ba bai ɓace ba, ya bi ta ƙofar wani ne, kuma idan unguwa gaba ɗaya lunguna ce masu zuba a titi guda, to wannan titin shi zai ɗauki ƙura da hayaniya da haɗarin kowa. Ga kuma nisa. Gidaje biyu na iya jingine da katanga ɗaya, amma matar da ke son kai wa maƙwabciyarta tuwo sai ta fita lungunta, ta bi babban titi, ta shiga wani lungun, tafiyar rabin kilomita saboda tazarar taku goma. A Amurka, inda kusan kowane gida ke da mota, wannan ɓarnar man fetur ce kawai, kuma duk da haka jihar Virginia ta fito da ƙa'ida a 2009 cewa ba za ta karɓi ɗawainiyar titunan sabuwar unguwa ba sai sun haɗu da na maƙwabta, ko da yake daga baya an sassauta ta. A Damagaram kuwa, inda yawancin mutane a ƙafa suke zuwa masallaci sau biyar a rana, yara su tafi makarantar allo da ta boko, mata su je injin niƙa, mai ga-ruwa ya turo kurarsa mai jarkoki a cikin rairayi, duk mita ɗari da aka ƙara wa hanya gumin mutum ne, kuma mai ga-ruwa zai ƙara ta a kan kuɗin jarka.

Sai dai ni a ganina ba mota ce za ta yanke wannan hukunci a gonarku ba, ruwan sama ne, kuma a nan nake so ku bakwai ɗin ku tsaya ku yi nazari sosai. Garinmu a kan dutse yake zaune, ƙasar da ke samansa ba ta da zurfi a wurare da yawa, ruwan shekara ba shi da yawa amma yakan sauko a 'yan kwanaki da ƙarfin gaske, kuma tunda ba kowace unguwa ke da magudana ba, titi shi ne kwatar unguwa. Duk indararon da ke kan soro da duk rariyar da ke gindin katanga a titi suke zubarwa. Idan titi ya ɓulle, ruwa ya bi gangare ya tafi tafki. Idan kuwa aka toshe shi ta ɓangaren da ƙasa ta gangara, to an gina madatsa ne ba tare da an sani ba, kuma gidan da ke ƙurya shi ne zai sha. Na taɓa kwana a irin wannan gida a wata sabuwar unguwa cikin watan Agusta. Da tsakar dare ruwa ya fara shigowa ta rariya, wato ta ramin da aka huda domin ya fita, maigidan ya cusa tsumma da buhun rairayi, matarsa da 'ya'yanta mata suna kwarfe tsakar gida da kwanonin tuwo, da gari ya waye kuma muka ga gindin katangar laka ya jiƙe har tsawon gwiwa, yana ɓarɓashewa idan aka taɓa shi da yatsa. Kafin azahar maigidan ya ɗauki diga ya fasa katangar maƙwabcinsa ta baya domin ruwan ya wuce, kuma daga ranar zumuncin gidajen biyu bai koma daidai ba. Wanda ya ga yadda tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe a farkon Satumban 2024 bayan mamakon ruwa, ba zai ɗauki maganar ruwa da wasa ba. Lungunan Birni da suka daɗe lafiya, magabata sun san inda ruwa ke bi suka bar masa hanya, domin sun shekara suna kallonsa kafin su ɗora tubali. Ku kuwa a rana ɗaya za a kafa muku duwatsun iyaka, watakila ma da rani.

Saboda haka kafin ku yi gardamar lungu, ku nemi mai awon ya auna muku tudu da gangaren gonar ya nuna a kan zanen, ku kuma tambayi wanda ya fi daɗewa yana nomanta a cikinku inda ruwa ke kwanciya da inda yake zaizaye kunya. Wannan hanyar ruwan ita ce titinku na farko, kuma haramun ne a gare ku, a ma'anar hankali, ku yanka ta fili ku sayar wa wani bawan Allah.

Abu na biyu shi ne manyan motoci da ba kullum ake buƙatarsu ba, amma ranar da aka buƙace su babu jira: motar 'yan kwana-kwana, motar ɗaukar mara lafiya, motar yashe masai, da tifar da za ta kawo yashi da dutse tsawon shekarun da unguwar za ta yi ana gini. Ƙa'idar kashe gobara da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce duk hanyar da ba ta ɓullewa, idan ta wuce kimanin mita 45, dole a yi mata wurin juyawa, kuma da'irar da ta tanada faɗinta ya kai wajen mita 29. Ku yi lissafi da kanku: wannan da'ira ta cinye murabba'in mita 660, fiye da filaye biyu masu mita 300 kowanne. Da'irar da ta burge ɗan wanku ke nan, kuma na san ba za ku yarda ku bar ta ba, ko kun bar ta ma cikin shekara biyu wani zai kafa rumfar shago a kai, wani ya ɗaure tumaki. Lungu mai tsawo mara wurin juyawa kuwa tarko ne, musamman a garin da ake toshe hanya da rumfa da kujeru ranar suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki. A titi mai ɓullewa idan an kafa rumfa sai a zagaya. A lungu, duk wanda ke bayan rumfar ya zama fursuna har a watse, ko da matarsa na naƙuda. Bututun ruwa ma haka yake: wanda ya zagayo ya haɗu da wani yana samun ruwa ta fuska biyu, wanda ya mutu a ƙuryar lungu kuwa shi ne na ƙarshen samu kuma na farkon rasawa, kuma ba sai na gaya wa Badamagare abin da wannan ke nufi a watan Afrilu ba.

Ga shawarata. Ku bar tituna biyu masu faɗi su ratsa gonar su gicciye juna, ɗaya ya bi hanyar ruwa, kuma kowannensu ya kai har iyakar gonar ya tsaya a buɗe, daidai da titunan da suka riga suka iso daga unguwannin da ke kewaye da ku. Ko da gonar maƙwabci ce a gaba a yau, gobe ita ma za a yanka ta, kuma idan kowane mai gona ya rufe tasa da filaye, sai a wayi gari da yanki guda na birni wanda ba a ratsa shi sai an koma bakin kwalta. Wannan ne dalilin da hukuma ke da shi na duba zanenku, kuma dalili ne mai kyau. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana ba da shawarar a ware wa tituna aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar unguwa, wato murabba'in mita 9,000 a cikin hekta 3 ɗinku. Na san adadin zai yi wa masu gado nauyi, amma filin da mota ke isa ƙofarsa, ruwa kuma ba ya kwana a gindinsa, ya fi tsada ranar sayarwa.

Daga jikin waɗannan tituna ne za a iya cika wa Yaya burinsa da lungu biyu ko uku, bisa sharuɗɗa. Lungun ya zama gajere, gida shida zuwa takwas, wanda mai tsaye a bakinsa zai hango ƙarshensa. Ya hau tudu daga bakinsa zuwa ƙuryarsa, yadda ruwa zai gangaro ya fito titi da kansa. Faɗinsa kada ya gaza mita 6, domin zira'i 7 na zamanin raƙumi ne, kuma kun san kowane maigida zai fito da dakali da ramin wanka ya ci wani abu daga ciki. Inda kuma dole lungu ya gangara ciki, a bar masa tsaga mai faɗin mita 2 a ƙurya wadda za ta fitar da ruwa, masu tafiya a ƙasa su ma su bi, har makara ta iya wucewa a kafaɗar mutane. Ba zan ɓoye muku ba, wannan tsaga tana rage tsaron da ake nema, domin wani bincike a Ingila ma ya nuna lungun da ke da ɓarauniyar hanya a bayansa ba ya hana ɓarawo kamar wanda yake rufe ruf, kuma ɗan kabu-kabu zai gano ta cikin mako guda. Maganinta shi ne ta zama miƙaƙƙiya, gajera, ƙofar wani gida na kallonta, a kuma kafa turakun ƙarfe a bakinta da matakala biyu. Ku 'yan gado ku riƙe filayen lungu ɗaya ku zauna tare, tunda abin da ya sa lungun Birni daɗi shi ne dangantakar mazaunansa. Mutum takwas da ba su san juna ba, kowa da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ba za su zama dangi don an toshe musu hanya ba. A rubuta tsagar da faɗin kowane titi a cikin zanen da hukuma za ta sa wa hannu, kada a bar su a kan alkawarin baki.

Tambaya: Malam, titinmu yana ɓullewa tsakanin manyan hanyoyi biyu, kuma 'yan kabu-kabu sun mayar da shi hanyar yanke, har an buge wata yarinya a bara. Mazan layin suna tara kuɗi za su gina katanga a baki ɗaya. Ni gidana ne na ƙarshe ta wajen da za a toshe. In ba da nawa kason? Daga wata uwa, Damagaram.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yarinyar lafiya, ya kiyaye na gaba. Kada ki ba da kuɗin katanga. Titin da ya riga ya ɓulle haƙƙin jama'a ne, a dokar ƙasa da kuma a fiƙihu, kuma mazauna layi ba su da ikon rufe shi da kansu. Duk ranar da wani ya kai ƙara za a iya rushe ginin, kuɗinku ya tafi a banza. Ke ce kuma za ki fi kowa cutuwa idan ƙasa ta gangaro wajenki, saboda haka da ruwan farko ki leƙa ki ga inda yake nufa. Abin da kuke nema shi ne rage gudu, kuma ana samun wannan ba tare da katanga ba. A ƙasar Holan, tun daga garin Delft a ƙarshen shekarun 1960, sukan bar titin unguwa a buɗe amma su hana shi miƙewa, su dasa itace nan, su sa wurin zama can, yadda mai abin hawa dole ya riƙa kaucewa a hankali, kuma a 1976 aka shigar da tsarin cikin dokar hanya ta ƙasar. Ki shawarci maigidanki ko wani dattijon layin su je wurin mai unguwa, shi kuma ya raka su ma'aikatar magajin gari ta da'irarku da takarda mai sa hannun mazauna, su nemi izinin yin tudun rage gudu guda biyu da dasa bedi a gefe da gefe bi da bi. A roƙi wanda zai yi tudun ya bar tsaga ta ɓangaren da ruwa ke bi, ya kuma yi shi mai faɗi mara tsini, yadda kurar mai ga-ruwa da amalanke za su hau ba tare da sun kife ba.